Lambobin Yabo na Siddabarun Fim: Tambayoyi da Amsoshi

Daga Janairu zuwa Maris na kowace shekara ake kakar rabon lambobin yabo na fina-finai a Amurka da Birtaniya, kuma a lokacin ne masu kallo da matasa masu koyon tace bidiyo ke dawo da tambayoyi iri ɗaya kan rukunin siddabarun hoto, wato VFX. Ga waɗanda aka fi maimaitawa. Duk shekarar da aka rubuta kusa da sunan fim, shekarar fitowarsa ce. Bikin rabon lambar yakan faɗo a farkon shekara mai bi mata.

Wane irin aiki ne ake ba wa wannan lambar?

Duk abin da mai kallo ya gani a fim alhali kyamara ba ta ɗauke shi yadda ya bayyana ba. Ya haɗa da dodon da aka ƙera a kwamfuta, da birnin da aka zana a bayan jarumin da ya tsaya gaban koren ƙyallen da ake gogewa a kwamfuta a sa wani hoto a wurinsa, da taron mutum dubu da aka samar daga mutum hamsin, har da goge igiyar da aka ɗaure ɗan wasa da ita lokacin da ya yi tsalle.

Akwai kuma siddabarun da ake yi da hannu a wurin ɗaukar fim: fashewar gaske, ruwan sama na famfo, ƙananan gine-ginen da ake ƙerawa a ɗauke su kamar manya, da dabbobin roba masu inji a ciki. Lambar Oscar ta haɗa duka biyun a rukuni ɗaya. Mutum 4 da suka karɓe ta kan Jurassic Park na 1993 sun nuna haka: Dennis Muren ya jagoranci dabbobin kwamfuta, Stan Winston ya ƙera na roba da ƙarfe masu girman gaske, Phil Tippett ya kula da yadda suke motsi, Michael Lantieri kuma shi ne mai aikin inji a wurin ɗauka.

Waɗanne lambobi ne suka fi daraja a wannan fanni?

Guda 4 ne ake yawan ambata. Oscar, ta Cibiyar Fina-finai ta Amurka, ita ce mafi suna. BAFTA ta Birtaniya ta buɗe nata rukunin da fina-finan 1982, kuma Poltergeist ne ya fara ci. Emmy ta shirye-shiryen talabijin ce. Ta huɗun ita ce ta ƙungiyar masu sana'ar da kansu, Visual Effects Society, wadda aka fi sani da VES. An kafa ta a 1997, ta fara rabon lambobi a 2003.

Mutanen waje ba su cika sanin ta huɗun ba, amma a cikin sana'ar tana da nauyi sosai, domin tana da rukunoni sama da 20. Akwai na halittar da aka fi iya rayawa, na muhallin da aka ƙirƙira, na kwaikwayon wuta da ruwa da hayaƙi, na haɗa hotuna wuri guda, na talla, na wasannin bidiyo, har da na ɗalibai. Kofin nasu hoton wata ne mai fuskar mutum, roka ta soke shi a ido, don tunawa da fim ɗin Bafaranshe Georges Méliès na 1902.

Yaushe aka fara?

Tun bikin Oscar na farko a 1929 an ba Roy Pomeroy lamba kan aikin da ya yi a Wings, fim ɗin yaƙin jiragen sama. Daga nan aka jingine rukunin, bai dawo a matsayin gasa ta kowace shekara ba sai da fina-finan 1939. The Rains Came ne ya ci a wannan karon, labarin girgizar ƙasa da ambaliya a wani gari na Indiya, ya kayar da Gone with the Wind da The Wizard of Oz. A lokacin siddabarun hoto da na sauti a haɗe suke. Sai a 1963 aka raba su.

Kwamfuta ta shigo a makare, kuma ba a yi mata maraba da wuri ba. Tron na 1982 yana cikin fina-finan farko da suka yi amfani da hoton kwamfuta sosai, amma ko cikin 'yan takara bai shiga ba. Daraktansa, Steven Lisberger, ya ce daga baya a lokacin ana kallon amfani da kwamfuta a matsayin maguɗi. Cikin shekara 11 lamarin ya juye gaba ɗaya: The Abyss a 1989, Terminator 2 a 1991 da Jurassic Park a 1993 duk sun ci, kuma duk da hannun kamfanin Industrial Light & Magic, wanda George Lucas ya kafa a 1975 don yin Star Wars.

Yaya ake zaɓen wanda zai ci Oscar?

Mataki-mataki ne. Kwamitin reshen masu siddabaru na Cibiyar yakan tace fina-finan shekara zuwa 20, sannan zuwa 10, a bayyana su a watan Disamba. Sai a yi zaman da 'yan sana'ar ke kira bake-off. Kowace tawaga ta hau dandamali, ta yi bayanin wahalar da ta sha da yadda ta warware ta, ta nuna zaɓaɓɓun wurare daga fim ɗin na 'yan mintuna, ta amsa tambayoyin abokan sana'a. Daga nan 'yan reshen su kaɗa ƙuri'a a fitar da 5.

Matakin ƙarshe ne ya bambanta. A nan ba ƙwararrun fannin kaɗai ke zaɓe ba, duk mambobin Cibiyar ne masu ƙuri'a, kimanin mutum 10,000, kuma reshen 'yan wasa ya fi kowane yawa. Wato ƙwararru ne ke fitar da 'yan takara, jama'ar masana'antar kuma su zaɓi gwani. Wannan shi ne tushen amsar tambaya ta gaba. A 2025 Cibiyar ta ƙara sharaɗin cewa sai mamba ya kalli dukkan 'yan takarar rukuni kafin ya kaɗa ƙuri'ar ƙarshe a cikinsa. Abin mamaki shi ne a da ba dole ba ne.

Me ya sa VES da Oscar ke yawan saɓawa?

Saboda masu zaɓen ba abu ɗaya suke aunawa ba. Ɗan VES ya san wahalar sa gashin biri ya jiƙe da ruwa ya kwanta yadda ya kamata, kuma masu neman lambar kan aika da faifan da ke nuna hoto kafin aiki da bayan aiki. Ɗan wasa ko marubucin da ke zaɓe a Oscar fim ɗin yake kallo gaba ɗayansa, kuma sau da yawa wanda ya fi burge shi a matsayin fim yake ba wa ƙuri'a.

Babu misalin da ya fi na jerin fina-finan birai na Planet of the Apes. Guda 4 da suka fito a 2011, 2014, 2017 da 2024 duk sun ɗauki babbar lambar VES, kuma duk sun faɗi a Oscar, a hannun Hugo, Interstellar, Blade Runner 2049 da Dune: Part Two. Haka Avengers: Infinity War ya ci VES a 2018, First Man ya ci Oscar. A shekarar 2023 kuwa an rarrabu gida uku: VES ta ba The Creator, BAFTA ta ba Poor Things, Oscar ta ba Godzilla Minus One.

A ganina, mai koyon sana'ar ya fi amfana da jerin waɗanda suka ci ƙananan rukunonin VES. Can ne ake faɗa maka takamaimai wane ruwa, wace halitta, wane birni aka yaba.

Fim ɗin da ya fi cin kuɗi ne ke lashewa?

Kuɗi na taimakawa, babu musu. Titanic, Avatar da fina-finan The Lord of the Rings guda 3, waɗanda suka ci a jere daga 2001 zuwa 2003, duk manyan ayyuka ne. Amma fina-finan Marvel Studios, duk da tsadarsu da yawan takarar da suka shiga tun daga Iron Man na 2008, ba su ɗauki wannan lambar ba. Abin da ya fi kasafin kuɗi tasiri shi ne fim ya kasance yana takarar gwarzon fim na shekara: Hugo, Life of Pi, Gravity, 1917 da Dune duk haka suke.

Sau biyu a 'yan shekarun nan ƙaramin fim ya ba da mamaki. Ex Machina na 2015, da aka yi da kimanin dala miliyan 15, ya kayar da Star Wars: The Force Awakens da Mad Max: Fury Road. Ba a sa jarumar, Alicia Vikander, gaban koren ƙyalle ba. An ɗauke ta tana wasa a ɗaki kamar kowa, sannan aka sake ɗaukar ɗakin babu kowa. Masu aikin suka bi hoton, suka bar fuskarta da tafin hannuwanta da ƙafafunta, suka goge cikinta da damatsanta, suka sa jikin inji mai shara-shara wanda ake hango bangon ɗakin ta cikinsa. Na biyun shi ne Godzilla Minus One daga Japan: ma'aikata 35 ne suka yi guntayen hoto 610, kuma shi ne fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci rukunin.

Na kalli 1917 ban ga wani siddabaru ba. Me aka ba wa lamba?

Abin da ba ka gani ɗin ba. An shirya fim ɗin ya zama kamar kyamara ba ta taɓa tsayawa ba daga farko har ƙarshe, alhali guntaye ne da yawa da aka ɗauka a wurare da ranaku daban-daban. Aikin masu siddabaru shi ne ɗinke su: soja ya gifta bayan bango ko bishiya, a nan ɗauka ɗaya ta ƙare wata ta fara, kuma dole haske, laka da motsin kyamara su dace. Ga kuma jirgin da ya faɗo da kogin da jarumin ya faɗa ciki.

VES ta ware wa irin wannan aiki rukuni na musamman, na siddabarun da ke tallafa wa labari ba tare da ya fito fili ba. Oscar ba ta da shi, don haka ɓoyayyen aiki da na dodanni suke karawa a fage ɗaya.

Wannan ya shafi wata al'ada ta masu tallar fim, ta cewa komai na gaske ne, babu kwamfuta. An tallata Top Gun: Maverick na 2022 da cewa 'yan wasan sun hau jiragen yaƙi na gaske. Gaskiya ne sun hau, amma fim ɗin na ɗauke da guntayen hoto kimanin 2,400 da aka yi wa aikin siddabaru, kuma ya shiga takarar Oscar a wannan rukunin. Masu sana'ar na jin zafin irin wannan talla, kuma suna da hujja.

Wa ke karɓar lambar, kamfani ko mutum?

Mutane ne, kuma a Oscar ba sa wuce 4 a kan kowane fim, galibi shugabannin aikin. Babban fim kuwa yakan ɗauki ma'aikata ɗaruruwa, wani lokaci sama da 1,000, a kamfanoni da ƙasashe daban-daban. Sunayensu na can ƙarshen fim, lokacin da jama'a suka riga suka tashi. Idan ka ji an ce kamfani kaza ya ci Oscar, ma'aikatansa ne suka ci.

Dennis Muren ne ke kan gaba da lambobi 8 a wannan fanni. Stanley Kubrick, duk da girman sunansa, Oscar ɗaya tak ya samu a rayuwarsa, kuma a wannan rukunin ne, kan 2001: A Space Odyssey na 1968. Ba a sake samun darakta ya ci ba sai Takashi Yamazaki na Godzilla Minus One. Mata kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai: Suzanne Benson ta ci da Aliens na 1986, aka shafe kusan shekara 30 kafin Sara Bennett ta ci da Ex Machina, sai Kiyoko Shibuya daga tawagar Japan.

Akwai kuɗi a ciki? Cin lambar na azurta kamfani?

Oscar ba ta zuwa da ko sisi. Mutum-mutumin ne kawai, kuma tun 1951 wanda ya ci ba shi da ikon sayar da shi sai ya fara tallata wa Cibiyar a kan dala 1. Ribar tana cikin suna da kwangilolin da ka iya biyo baya.

Su ma ba tabbas ba ne. Kamfanin Rhythm & Hues ne ya ƙera damisar Life of Pi, wadda a mafi yawan fim ɗin ta kwamfuta ce, tare da tekun da ke kewaye da kwale-kwalen. A watan Fabrairu na 2013, ƙasa da mako biyu kafin bikin, kamfanin ya bayyana karayar arziki ya sallami ma'aikata sama da 200. Ranar bikin ɗaruruwan masu sana'ar suka yi zanga-zanga a kusa da zauren a Hollywood. Fim ɗin ya ci lambar. Bill Westenhofer ya hau dandamali, yana fara magana kan halin da kamfanin ke ciki aka ɗaga kiɗa a kansa aka kashe makirufo. Washegari dubban ma'aikata suka mayar da hotunansu na Facebook da Twitter koren fili, don nuna abin da zai rage a allo in babu su. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 600. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dalilin na cikin tsarin kwangilar. Kamfani yakan yi farashi ƙayyadadde tun kafin a fara, sannan darakta ya yi ta canza ra'ayi, aikin ya ƙaru kuɗin bai ƙaru daidai ba, kuma babu kaso daga ribar fim. Ga rangwamen haraji da ke jan aiki daga wannan ƙasa zuwa waccan, daga Los Angeles zuwa Vancouver ko Landan, ma'aikata na biye da jakunkunansu. Matsalar ba ta gushe ba: a 2023 masu siddabaru na cikin gida a Marvel suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago ta IATSE, a Fabrairun 2025 kuma rukunin Technicolor, mai kamfanin MPC da ya yi The Jungle Book da 1917, ya durƙushe.

Shirye-shiryen talabijin fa?

Emmy ce tasu, kuma ana ba da wannan rukunin ne a bikin masu aikin bayan fage, kwanaki kafin babban bikin da ake haskawa. Tun 2021 rukunoni biyu ne: na zango guda ko fim ɗin talabijin, da na kashi ɗaya tilo. Game of Thrones ya ci sau 7 cikin zangonsa 8. The Mandalorian ya ci a 2020 da 2021, kuma shi ya yayata sabuwar hanyar da maimakon koren ƙyalle ake kewaye 'yan wasa da katafaren bangon allo mai nuna muhallin kai tsaye, yana juyawa daidai da motsin kyamara, haskensa na sauka a jikin kayan da suka sa.

Ɗan wasan da ya yi motsin halittar kwamfuta yana cikin masu karɓa?

A'a. Andy Serkis ne ya yi wasan Gollum a The Lord of the Rings, da King Kong na 2005, da Caesar a uku daga cikin fina-finan biran da aka ambata a sama, yana sanye da kaya masu ɗigo-ɗigo da na'ura ke bin motsinsu. Bai taɓa shiga takarar Oscar ta wasa kan ɗayansu ba, lambar siddabaru kuma ta masu kwamfuta ce. Gardamar ta daɗe: magoya bayansa na cewa wasan nasa ne, masu raya hoto na cewa ba a taɓa ɗora motsin ɗan Adam kan fuskar biri ya zauna haka kawai ba, sai an bi shi da hannu.

Su kuma masu ƙera manhajojin da ake aikin da su?

Suna da bikinsu daban, na lambobin kimiyya da fasaha, wanda Cibiyar ke bayarwa tun 1931. A nan ba fim ake dubawa ba, ƙirƙirar da ta daɗe tana amfanar masana'antar ake dubawa. Ken Perlin ya samu a 1997 kan lissafin da ke sa hayaƙi, dutse da gajimaren kwamfuta su yi kama da na halitta. Stephen Regelous ya samu a 2004 kan Massive, manhajar da ta cika filayen yaƙin The Lord of the Rings da dubban sojoji, kowane na motsinsa daban.

Fina-finan Indiya na samun irin wannan lambar?

A gida, ƙwarai. Lambobin ƙasa na gwamnatin Indiya sun karrama siddabarun Enthiran na 2010, Ra.One na 2011, Eega na 2012, Baahubali na ɗaya da na biyu, da RRR, waɗanda masu kallon fassarar Hausa suka san yawancinsu. Kusan duka daga kudancin ƙasar suka fito, masana'antun Telugu da Tamil, Ra.One ne kaɗai na Mumbai a jerin.

A Oscar fim ɗin Indiya bai ci wannan rukunin ba, RRR lambar waƙa ya samu. Amma hannun Indiyawa na cikin aikin da ke ci. Kamfanin DNEG na Landan, wanda ya yi aiki a Interstellar, Tenet da Dune, ya haɗe da Prime Focus na Mumbai a 2014, Namit Malhotra ne shugabansa, kuma yana da dubban ma'aikata a biranen Indiya. Batun sunaye 4 da aka yi bayani a baya ne ke sa ba a jin labarinsu.

Fim ɗin Najeriya ko na Hausa zai iya shiga takara?

A ƙa'ida babu abin da ya hana, domin rukunin bai ƙayyade harshe ko ƙasa ba, kamar yadda nasarar Japan ta tabbatar. Sharaɗin Oscar shi ne fim ya wuce minti 40, a kuma haska shi kwana 7 a jere a sinimar kasuwanci a ɗaya daga cikin yankunan birane 6 na Amurka da aka ware, irin su Los Angeles da New York. Bayan haka akwai kuɗin tallata shi ga masu zaɓe, wanda shi ne babban shinge.

Ƙofar da ta fi kusa ita ce AMAA, gasar fina-finan Afirka da Peace Anyiam-Osigwe ta kafa a 2005, wadda ke da rukunin siddabarun hoto. The Figurine na Kunle Afolayan ya ci shi a 2010. Ga ɗalibi kuma, VES na da rukunin aikin makaranta. Shawarata ga mai son gwadawa: alƙalai sun fi lura da inuwa, haske da gefen hoto inda aka yanke mutum daga bango fiye da girman aljanin da aka zana. Guntun hoto 10 masu tsafta sun fi 100 da kowa zai gane na kwamfuta ne.

An yarda a yi amfani da ƙirƙirarriyar basira?

An yarda. A watan Afrilu na 2025 Cibiyar ta sanar cewa amfani da irin waɗannan kayan aiki ba zai ƙara wa fim damar shiga takara ba, ba kuma zai rage masa ba, sai dai masu zaɓe za su duba gwargwadon yadda ɗan Adam ya kasance a tsakiyar ƙirƙirar. Dama masu siddabaru sun daɗe suna amfani da manhajojin da ke koyo daga bayanai wajen yanke hoto, share ƙura daga hoto da mayar da fuskar tsoho ta saurayi. Ƙa'idojin na sauyawa kusan kowace shekara, don haka mai shirin shiga takara ya karanta na shekarar da fim ɗinsa zai fito a shafin kowace gasa.